Hular Baba Kofur Ja Ce, Mu Muka Mayar Da Ita Koriya

Shekarata huɗu a Ingila, kuma kunya kam na sha ta kala-kala. Akwai ranar da na tsaya ƙiƙam a bakin ƙofar jirgin ƙasa ina jiran ta buɗe da kanta har jirgin ya tashi ya bar ni, ashe wani maɓalli ake dannawa. Wannan ta baƙunta ce, mutum ya yi wa kansa dariya ya wuce. Wadda na sha a ƙarshen watan Agustan da ya wuce ita ce ta ƙi sakina, don ba ni kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da gidanmu na Zariya, da Yaya, da mai hoton bakin titinmu, da marigayi kakana wanda duk unguwa ke kira Baba Kofur.

Wani abokin aikina ne a gidan kula da tsofaffi ya dame ni sai na raka shi wani taro a gundumar Kent. Ya ce masu wasan tarihi ne za su haɗu. Ni a zatona irin wasan kwaikwayon 'yan firamare ne, a yafa zanen gado a ce alkyabba ce. Da muka isa sai na tarar da fili ya fi filin idi da na sukuwa a haɗe, ko'ina tantuna, ko'ina hayaƙi. Ga sojojin Rum da garkuwoyinsu, ga masu jajayen riguna na zamanin Napoleon suna fareti da ganga, can gefe an haƙa ramuka an jera buhunan yashi irin na yaƙin 1914, ga tankokin yaƙin Hitila na gaske suna tafe ƙasa na girgiza. Abin da jikina ya fara yi shi ne ja da baya. Farar hula cikin kaki tun daga kai har ƙafa, rataye da bindiga, yana lasar askirim! Ba sai na faɗa muku abin da zai sami mai wannan gangancin a gida ba. A nan kuwa yawancin bindigogin an kashe su, an toshe bakin an lalata cikin, kowace da takardar shaidarta. Masu harba albarushi don ƙara da hayaƙi kuma sai da lasisin 'yan sanda.

Babu mai biyan mutanen nan ko sisi. Wanda na gani da igiya uku yana daka wa kurata tsawa, ranar Litinin direban bas ne. Wani likitan haƙori ne, wani tsohon malamin makaranta. Da kuɗinsu suke ɗinka kayan, su kwana cikin tantin kanfas a kan ciyawa, su yi girki da itace, su ɓoye agogo da waya, mai ciwon ido ma sai ya nemo tabarau irin na zamanin da yake kwaikwayo. Kuma abin ya daɗe. Akwai ƙungiyar Sealed Knot da wani tsohon birgediya, Peter Young, ya kafa a 1968, su yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 suke maimaitawa. Duk watan Oktoba kuma ana sake yaƙin Hastings na 1066 a kan filin da aka yi shi, kuma duk shekara Sarki Harold sai ya sake faɗuwa, 'yan kallo na tafi.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Kuɗin shiga ya haura fam ashirin, abin da ya fi awa guda ina juya tsofaffi a gado kafin in same shi. Abinci kuwa, duk inda na juya alade ne a tsire yana juyawa bisa wuta. Na ƙare da dankali soyayye mai sanyi a kwali, fam shida, babu yaji, babu ko albasa. Da a gida ne taro irin wannan, da mai tsire da mai fura da mai awara sun kewaye filin, ka ci ka ƙoshi da canjin aljihu. Banɗakin roba ne a jere, babu ruwa balle buta, alwalar azahar da ruwan gora na yi a bayan wata motar yaƙi, wani sojan Rum yana kallona. Sai kuma ruwan sama irin nasu, wanda ba ya sauka ba ya ɗaukewa.

Gudun wannan yayyafin ne ya kai ni wani ɗan tanti a ƙarshen layi. Wasu dattawa huɗu ne a ciki, sanye da koren kaki da malafa mai naɗaɗɗen gefe, sun baje kaya a tebur: adda, gorar ruwa, gidan sauro, gwangwanin maganin zazzaɓi. A allo an rubuta Burma, 1944. Boma ke nan, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa. Ɗaya daga cikinsu, wanda zai yi shekara saba'in da ɗoriya, ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya, Arewa. Sai ya miƙe tsaye ya ce, da harshensa mai nauyi, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce ba gajiya, Baba. Hausar tasa a nan ta ƙare, sai 'yan kalmomi, amma ya ce mahaifinsa hafsa ne a rundunar Najeriya, kuma a wancan zamanin da Hausa ake ba da umarni a bariki, hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawarta. Ya ce har tsohon ya rasu in yana son shayi "kawo" yake cewa.

Ya nuna mini wasu ƙyallaye biyu a cikin akwatin gilashi. Ɗaya baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, alamar runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ya ce Ananse ne na tatsuniyar Ashanti, mai cin galaba da wayo. Na ce ai Gizonmu ne, mijin Ƙoƙi. Ɗayan na runduna ta 82 ce, masu biyu a gicciye bisa wani zobe. Yana ta kewaye-kewaye wajen bayyana mini zoben, wai abin da masu dako ke ɗorawa a ka. Na ce gammo. Ya ce me? Na maimaita. Ya zaro ɗan littafi ya sa na rubuta masa, yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Shekara talatin yana riƙe da ƙyallen nan bai san sunan abin a bakin masu ɗaukarsa ba. Gammon ya shiga alamar ne saboda dajin babu hanyar mota, jiragen sama ke jeho kaya, sannan dubban mutanenmu su ɗauka a ka, har da sassan igwa da akwatunan harsashi.

Daɗin gammon nan ne ya kwashe ni. Na buga ƙirji na ce ai kakana ma ya yi Boma. Nan take dattawan huɗu suka juyo. Runduna ta 81 ko ta 82? Wace bataliya? Ko yana cikin bataliyoyi ukun nan na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka ware aka haɗa da 'yan Chindit, rundunar musamman ta Janar Wingate? Lambarsa nawa? Na yi tsuru-tsuru. Mutumin da ya goya ni, wanda na yi shekara goma sha biyu ina cin tuwo a kwano ɗaya da shi, ban san ko ɗaya ba. Don in fanshi kaina sai na ce amma ina da hotonsa a Boma, na zaro waya.

Bari in ba ku tarihin hoton. Na asalin ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, ya koma ruwan ƙasa, kusurwa ɗaya ta karye. Lokacin bikin ƙanwarmu aka ce a buga kalanda da hotunan kakanni, Yaya ya kai wa mai hoto ya ce a gyara shi ya fito ras. Ya kuwa fito ras. Aka faɗaɗa shi, aka sa masa firam mai ruwan zinare, yau shekara tara yana rataye a falon Hajiya, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Shi na ɗauka a wayata.

Dattijon ya karɓa, ya sa tabarau, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ladabin nan nasu shi ya kashe ni. Sai ya ce, a hankali, kakanka kyakkyawan soja ne, tsayuwarsa ta wanda ya sha fareti ce, amma ko zan ba shi izini ya faɗi wasu 'yan abubuwa?

Ya fara da hula. Ya ce wannan dara ce, kuma darar fareti ta sojan Waf, wato rundunar Afirka ta Yamma ta zamanin Turawan mulki, ja ce, ba koriya ba. Falmaran ɗin da ke kan rigar ita ma ja ce mai rawayan baki, ɗamarar ma ja. A hotonmu duk kore ne shar, mai hoto ya ga soja ne, ya ga tutar Najeriya, ya haɗa lissafinsa. Tambarin da ke gaban hular ya kamata ya zama bishiyar kwakwar manja. Namu mikiya ce, wadda sai bayan 'yancin kai ta hau hular soja. Lambobin yabon da ke ƙirjinsa, jeri uku, ya ce bai san ko ɗaya ba, da alama daga ƙirjin wani janar na yanzu aka kwaso su. Wanda ya yi Boma tauraro mai tsini shida ake ba shi, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, kuma babu shi a cikin jerin. Sannan jirgi mai saukar ungulu da ke shawagi a bayan kansa. A nan ne ɗaya daga cikinsu ya kasa daurewa, ya ce a yi adalci, an yi amfani da irin wannan jirgi a Boma, a watan Afrilun 1944 wani ɗan ƙarami ƙirar Sikorsky ya kwaso mutane daga daji. Suka ɗan yi musu a kan wannan, ni ina tsaye kamar gunki. Suka daidaita a kan cewa namu jirgin dai ya zo da wuri da kamar shekara arba'in.

Abu na ƙarshe shi ya fi zafi. Ya ce kayan nan gaba ɗaya na fareti ne, na kafin yaƙi, babu wanda ya shiga dajin Boma da jar hula don Japanawa su yi saiti da ita. Can kore ake sawa da malafa, irin na jikinsu. Don haka hoton a gida aka ɗauke shi, wataƙila ma a Zariya. Sai ya buɗa ƙasan hoton sosai ya ce in duba takalmin. But ne baƙi mai sheƙi, irin na yanzu. Ya ce in duba gefensa na hagu. Ga ɗan yatsan ƙafa nan ya leƙo, mai hoto bai rufe shi duka ba. Baba Kofur ba takalmi ya tsaya.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira mun rasa ido.

Dattijon ya ga halin da nake ciki, ya jawo kujera ya zaunar da ni, ya ɗauko wani kundi. Hotunan asali ne, kowane a cikin rigar leda ta musamman wadda ba ta cin takarda, kowane da bayani a baya da fensir, don tawada tana huda hoto. Sojojinmu ne a jere, dara, falmaran, gajeren wando, naɗin ƙwauri har gwiwa, sannan ƙafa a ƙasa. Hafsan Bature a tsakiya a kan kujera, takalminsa har yana ɗaukar ido. Ya ce haka aka bar su shekara da shekaru, sai wajen yaƙi na biyu takalmi ya zama na kowa. Da dare na kira Yaya na ce wa ya ce a sa wa Baba takalmi? Ya ce shi ne. Ya ce ta yaya za a rataye kakanmu a falo ƙafa a ƙasa kamar almajiri, surukai na shigowa? Na fahimce shi, don ƙauna ce ta sa. Amma abin da Bature ya yi wa tsohon nan, shaidarsa guda ɗaya da ta rage a hannunmu, mu da kanmu muka biya kuɗi aka shafe masa ita.

Tun daga ranar abin ya zame mini ciwo, na shiga bin diddigi, kuma a nan ne na ga yadda sana'a take a wurin mutanen nan. Akwai wata mata mai gyaran tsofaffin hotuna da dattijon ya haɗa ni da ita. Na tambaye ta don gwaji, in na kawo hoto za ta iya ƙara masa lambar yabo? Ta ce za ta iya, amma sai ta rubuta a jiki cewa an ƙara, kuma ba za ta kira wannan gyara ba. Aikinta ta cire tabo da karaya, ta ba ka kwafi biyu, wanda ta taɓa da wanda ba ta taɓa ba, ta maido maka da na asali a cikin ambulan da sa hannu. Mai hotonmu kuwa in ka kai masa kakarka sai ya haska mata fata, ya cire mata tsagen gado, ya zaunar da ita a gaban wani gidan bene na Dubai, kuma mu ne muke cewa madalla, Allah ya yi albarka. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Abin da muke biya shi yake sayarwa.

Na je kasuwarsu da ke ci sau biyu a shekara kusa da Coventry. Rumfuna ne na maƙera, da dukawa, da masu maɓalli zalla, da masu zare. A can na ga mutum biyu, manya da furfura, sun yi kusan rabin awa suna jayayya a kan jan ulu. Ashe jar rigar ƙaramin soja a zamanin da da saiwar wani tsiro ake rina ta, jan ya fito a dushe, ta hafsa kuma da wani ƙwaro da ake kawowa daga ƙasashen Amurka, ja mai haske mai tsada. In ka sa jan hafsa kana kurtu, sai an tare ka. Maɓalli ma karatu ne. Dogaran fadar Sarkin Ingila masu doguwar hular gashi, da mu muke gani duk ɗaya, da jerin maɓalli ake bambance su: Grenadier ɗaya-ɗaya, Coldstream biyu-biyu, na Scotland uku-uku, na Ireland huɗu-huɗu, na Wales biyar-biyar. Ulun kuma har yau akwai masaƙar Hainsworth kusa da Leeds, wadda ke aiki tun 1783, tana saƙa shi. Na tuna masaƙun Kaduna da na Kano da suka zama gidan jemage, na yi shiru.

Wani abin da ya ɗaure mini kai, a wurinsu tsufa shi ne kuɗi. Na ga dara ta gaske ta sojan Waf, asu ya huda ta wuri uku, kuɗinta ya fi na sabuwar kwat. Mu da tuni an ba yara sun yi ƙwallo da ita. Mu ne masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma a baki.

Na sami tela a wurin na ce ina son falmaran irin ta kakana. Bai ɗauki awo ba sai da ya tambaye ni wace shekara, kuma wane sashe, don ta 'yan igwa shuɗiya ce, ta saje da samanja kuma tana da ƙarin ado a gaba. Na ce kofur ne na ƙasa. Na ce ko zai ɗan ƙara mata aiki a wuya ta yi kyau. Ya ajiye fensir ya ce in ado nake so akwai masu ɗinkin 'yan wasa, shi ba ya yi. Raina ya ɓaci, ni da kuɗina! Sannan ya ce wata bakwai. Wata bakwai saboda 'yar falmaran da telanmu zai gama tsakanin la'asar da magariba. Kuɗin kuma ba zan faɗa ba don kada Hajiya ta ji. Amma ya rubuta mini rana a takarda, kuma waɗanda suka san shi sun ce ranar nan ba ta motsi. Ku da kuka taɓa kwana a shagon tela daren Sallah kuna gadin shaddarku, ku yi wa kanku hisabi. Ni dai har yanzu ban yanke wanda ya fi ba ni haushi ba, mai cewa gobe alhali wata biyu yake nufi, ko mai cewa wata bakwai ko kunyar idona bai ji ba.

Neman lambar Baba ya kai ni gidan adana takardun gwamnati da ke Kew a Landan. Shiga kyauta, katin karatu kyauta. Ka zauna ka danna lambar fayil a kwamfuta, kafin shayinka ya huce sosai an kawo maka littafin da bataliya ta riƙa rubutawa kullum a dajin Boma, takardar da ta sha damina tamanin, ka taɓa da hannunka. A daidai wannan makon na tura ɗan ƙanina wani ofishi a gida ya tambayo ko akwai rajistar mazan jiya. Zuwa uku ya yi. Na farko mai makulli ya tafi ta'aziyya, na biyu babu wuta, na uku aka ce ya rubuto takarda ya kuma ga yara.

Sai dai a Kew ɗin ne sha'awar tawa ta fara sanyi. Littafin yana kiran kowane hafsa Bature da sunansa, har wanda zazzaɓi ya kwantar. Namu kuwa yawanci adadi ne: an kashe 'yan Afirka kaza, an raunata kaza. Waɗanda aka rubuta sunayensu, a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, inda akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga kabarinsu ba, za ka tarar da namu sunan yanka ne sai sunan gari, wane Kano, wane Sakkwato, wane Zariya. Haka magatakardan bariki ya rubuta su ranar ɗauka. In ba ka da lamba, kakanka ya ɓace a cikin ɗaruruwan masu sunansa.

Su ma dattawan tantin, da duk iliminsu, a tufa ya tsaya. Sun san zare nawa ne a ɗinkin aljihu. Ba su san Baba Kofur ba ya iya barci in ruwa na dukan kwano ba, sai ya tashi ya zauna a zaure yana jan carbi har asuba. Ba su san tabon matsattsaku da ke ƙwaurinsa ba, ko yadda ya ƙi cin shinkafa har ya koma ga Allah, wai ya ci rabonsa a Indiya. Da na ba su wannan labarin shiru suka yi, mai littafin nan ya sake zaro littafinsa. Kuma a filin nan dai na ga wasu ƙarti cikin baƙaƙen kayan sojan Hitila, da tambarin da komai, suna shan shayi suna ƙyaƙyata dariya. An ce mini tarihi ne kawai. To. Na ga dai sun fi kowa gogewa da guga.

Kafin in tafi wani matashi a cikinsu ya ce sun daɗe suna neman baƙar fata, don tantin Boma babu ɗan Afirka ƙarya ne, ko zan shiga? Gaskiya ya faɗa, kuma da kyakkyawar niyya. Sai ya ƙara da cewa in kayan kafin yaƙi zan sa, to don a dace da tarihi sai in cire takalmi. Dattijon ya harare shi. Ni kuwa na rasa abin cewa, don ɗazu-ɗazun nan nake jin zafin an sa wa Baba takalmi, yanzu ga shi an ce in cire nawa a gaban Turawa masu ɗaukar hoto, na ji duk jikina ya ƙi. Na ce zan yi shawara. Har yau ina yi.

A jirgin komowa Hawan Daushe ne ya yi ta zo mini a rai. Mu ma ai muna da namu, kuma nasu ko kusa bai kamo ƙafarsa ba. Su gawa suke tayarwa, mu namu bai taɓa mutuwa ba. 'Yan lifidi, 'yan sulke, 'yan kwalkwali, 'yan bindiga suna ɓarin albarushi, kakaki da algaita da tambari, ƙurar dawaki, mai kirari yana kiran kakan kakan mutum da sunansa. Wanda ke kan dokin ba direban bas ne ya ari riga ba, jikan mai sarautar ne. A 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya. Na nuna wa dattijon bidiyon hawan Zazzau, bakinsa a buɗe. Sai ya tsayar da shi ya tambaye ni, cikin lifidin nan auduga ake cusawa ko audugar rimi? Sulken nan ƙirar gida ne ko ta hamada aka kawo shi? Na sake yin tsuru-tsuru. Kuma da ya tsayar da hoton ni ma na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: baƙin tabarau a ƙarƙashin kwalkwali, kambas ɗan Chana a cikin likkafa, wani lifidin da ganinsa ka san soson katifa ne. Tsofaffin na gaske ina suke? Wasu gara ta ci, wasu an sayar wa dillalai da kuɗin cefane, ƙila ma suna cikin wani akwatin gilashi a nan, da bayani a rubuce da fensir.

Sau nawa na wuce barikin Chindit a Zariya a kan acaɓa? Sau nawa na ji kwandasta na kiran Dalet a Kaduna, ko na ji an ambaci Kalapanzin? Duk sunayen Boma ne, na wuraren da kakanninmu suka zubar da jini da rundunar da suka yi wa aiki, ni kuwa na ɗauka wani Turanci ne kawai. Barikin Lakwaja sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, mutumin da ya fara soja a wurin Jamus a Kamaru, ya dawo rundunar Najeriya ya kai samanja, ya yi yaƙin duniya duka biyun. A makaranta ba a taɓa ambata mana shi ba. A wani tanti a Kent, cikin yayyafi, na fara jin labarinsa.

Yaya, na san za ka karanta wannan, kuma na san za ka ce na tona mana asiri. Ka yi haƙuri. Abin da nake roƙo, a duba adakar Hajiya ta ƙarƙashin gado, wadda take ajiye takardun gida da turare. Ta ce tana jin mai hoto ya maido da ɗan ƙaramin, tana jin kuma a cikin wata tsohuwar jakar Alƙur'ani ta sa shi. In an same shi kada a goge, kada a sa masa ruwa ko salatif, kada a kai wa kowa ya gyara. A ɗora shi a kan farin ƙyalle a inuwa a ɗauka da waya, gaba da baya, bayan ma ya fi muhimmanci, don an ce sau da yawa a nan suke rubuta lamba. In akwai wani ƙarfe mai kama da tauraro a cikin adakar, ko ya yi baƙi, kada a wanke shi da toka.

Na falo kuma da ka tambaya ko a sauke, a bar shi. Hajiya ta ce ita dai takalmin ya yi masa kyau.